Nazarin Zubi da Jigo a Wasan Kwamfuta na R-Type

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi nisa a nazarin adabin Hausa ya san ma'aunan da ake ɗora ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo a kansu, wato jigo, da zubi da tsari, da taurari, da kuma salo da sarrafa harshe. An tanadi waɗannan ma'aunai ne domin ayyukan da harshe yake ɗauke da su, na baka ne ko rubutattu. Tambayar da wannan takarda ta sa a gaba ita ce, yaya waɗannan ma'aunai za su kasance idan aka ɗora su a kan aikin da yake ba da labari, amma kalmomin da ke cikinsa ba su taka kara sun karya ba? Aikin da aka zaɓa domin gwaji shi ne wasan kwamfuta mai suna R-Type, wanda kamfanin Irem na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 1987.

An zaɓi wannan wasa saboda dalilai biyu. Na farko, yana cikin fitattun wasannin ajinsa, kuma waɗanda suka zo bayansa sun yi ta aro daga gare shi. Na biyu, ajin da ya fito daga ciki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Wanda duk ya riƙe wayar salula ƙirar Nokia 3310, wadda ta fito a shekarar 2000, ko a Yamai ne ko Maraɗi ko Kano, ya ga wasan Space Impact, inda ɗan ƙaramin kumbo yake tafiya daga hagu zuwa dama yana harbin abokan gaba har ya iske wani ƙaton dodo a ƙarshen hanya. Wannan shi ne ƙashin bayan ajin gaba ɗaya, sai dai an rage masa kaya domin ya dace da ƙaramin allon waya.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Da yake ba a cika rubutu a kan wannan fanni da Hausa ba, ya dace a fayyace ma'anar wasu kalmomi da za a yi ta amfani da su.

Fage mai tafiya: hoton wurin da ake yaƙi, wanda yake shuɗewa da kansa daga dama zuwa hagu, ko mai wasa ya so ko ya ƙi.

Zango: kashi ɗaya na tafiyar, mai farko da ƙarshe da irin nasa abokan gaba.

Dodon zango: babban abokin gaba da ke tsare ƙarshen zango.

Rai: damar gwaji guda ɗaya. Idan aka harbo kumbon mai wasa, rai ɗaya ya tafi.

Matsaya: wurin da ake mayar da mai wasa ya sake farawa bayan ya rasa rai.

Akwatin wasa: na'urar da ake girkawa a gidajen wasanni, wadda sai an jefa mata kuɗin ƙarfe take ba da damar wasa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Yaƙin sararin samaniya yana cikin tsofaffin batutuwan wasannin kwamfuta. Tun a shekarar 1962 Steve Russell da abokan aikinsa a cibiyar MIT ta Amurka suka ƙirƙiri Spacewar!, inda kumbo biyu suke fafatawa. A 1978 Tomohiro Nishikado na kamfanin Taito ya fitar da Space Invaders, wanda fagensa a tsaye yake cik, abokan gaba ne suke saukowa layi-layi. A 1981 aka sami wasanni biyu da suka sa fage ya fara motsi a kwance: Defender na kamfanin Williams a Amurka, da Scramble na kamfanin Konami a Japan. A cikin Scramble ne fagen yake tafiya tilas, kuma aka kasa tafiyar zuwa sassa mabambanta. Konami ya ɗora a kan wannan tubali da wasan Gradius a 1985, inda ya faɗaɗa hanyoyin ƙara wa kumbo makamai.

A wannan yanayi R-Type ya fito. Kafin nan an san Irem da wasanni irin su Moon Patrol (1982) da Kung-Fu Master (1984). An gina R-Type a kan sabuwar na'urar kamfanin mai suna M72, kuma kamfanin Nintendo ne ya rarraba akwatunansa a Amurka. Ba a daɗe ba aka juya shi zuwa na'urorin gida. A Japan, a na'urar PC Engine, sai da aka raba shi gida biyu a 1988, zango huɗu a kowane kati, saboda katin lokacin bai iya ɗaukarsa duka ba. A Ingila Bob Pape ya juya shi zuwa kwamfutar ZX Spectrum a 1988, aikin da ya ba da labarinsa daga baya a wani littafi. A Jamus kuwa, kamfanin Rainbow Arts ya fitar da wani wasa mai suna Katakis wanda ya yi kama da R-Type ƙwarai, har kamfanin Activision mai riƙe da izinin juyawa ya yi barazanar kai ƙara. Rikicin ya ƙare ne da ba masu Katakis ɗin aikin juya R-Type na gaskiya zuwa Commodore 64 da Amiga.

Daga baya an sami ci gaban labarin a R-Type II (1989), da R-Type III (1993), da R-Type Delta (1998), da R-Type Final (2003), sai R-Type Final 2 wanda kamfanin Granzella ya fitar a 2021. Wannan nazari ya taƙaita ne ga wasan farko, sai inda tilas ta sa a leƙa na baya.

4.0 Zubi da Tsari

4.1 Ƙwarangwal ɗin Labari

Abin da aka rubuta wa mai wasa kafin ya fara bai wuce jimla ɗaya ba, ita ma umurni ce: ya tashi ya kai farmaki ga muguwar daular Bydo. Ba a gaya masa su wane ne Bydo ba, ba a faɗi laifinsu ba, ba a nuna masa garin da yake karewa ba. Daga nan sai kumbonsa, mai suna R-9, ya kutsa cikin fage, ya bi zango takwas a jere har zuwa cibiyar abokan gaba. Ke nan zubin miƙaƙƙe ne, babu kome baya, babu ratse. Ta wannan fuska ya yi daidai da zubin labaran jarumta da ɗalibai suka sani, inda jarumi yake barin gida, ya haye tarnaƙi iri-iri, kowane ya fi na baya tsanani, har ya gamu da babban abokin karawa.

4.2 Jerin Zanguna

Inda gwanintar masu wasan ta bayyana shi ne yadda suka jera zangunan, kowane da darasin da yake koyarwa. Zango na farko yana farawa a sarari fetal, babu bango babu rufi, domin mai wasa ya saba da motsi da harbi. Daga nan sai hanya ta tsuke a shiga wani sansani na ƙarfe, a iske zoben bindigogi da ke juyawa, wanda sai an sami ƙofarsa a shiga ciki. A ƙarshe ga dodo Dobkeratops, mai dogon kai da wutsiya mai lilo, wanda harbi a jikinsa banza ne sai an jira wani ƙaramin kai ya ɓullo daga cikinsa. Cikin ƴan mintoci an koya wa mai wasa abubuwa uku ba tare da furta kalma ba: bango yana kashewa, hanya takan kasance a tsakiyar haɗari, kuma kowane dodo yana da lagonsa.

Zango na biyu yana jefa mai wasa cikin wani kogo da ya yi kama da cikin dabba. Dodonsa, Gomander, tamkar zuciya yake mai jijiyoyi, wani dogon maciji yana shiga ta wannan rami yana fita ta wancan, lagonsa kuwa wani ido ne a samansa da ke buɗewa yana rufewa. Zango na uku shi ne wanda aka fi tunawa da shi, domin zangon gaba ɗayansa dodo ne guda: wani jirgin yaƙi da ya fi allo girma nesa ba kusa ba, wanda mai wasa yake kewayawa a hankali yana ɓantare masa bindigogi ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu, wasu ƙananan abokan gaba suna zana layuka da ke toshe hanya, dodon kuma yana rabuwa gida uku. A na shida an yi watsi da yawan harbi, aka koma ga kauce wa manyan akwatunan ƙarfe da ke zirga-zirga a cikin lunguna. Na bakwai juji ne na tarkacen na'urori, na takwas kuwa shi ne makwancin Bydo.

Mai lura zai ga cewa ana sassaɓa zangunan tsakanin ƙarfe da tsoka, wani na injuna, wani na halittu masu yauƙi, har su cakuɗe a ƙarshe. Wannan sassaɓawa tana da muhimmanci wajen gano jigo, kamar yadda za a gani a gaba.

4.3 Mutuwa da Maimaici

Harsashi ɗaya ya isa ya tarwatsa R-9. Idan haka ta faru, ana mayar da mai wasa matsaya ta baya, kuma a raba shi da duk makaman da ya tara. Tun da abokan gaba suna fitowa daga wurare ɗaya a lokuta ɗaya a kowane gwaji, hanyar cin nasara ita ce hadda. Mai wasa yana mutuwa a wani lungu, ya gane abin da ya kashe shi, ya dawo ya tsaya a wani wuri daban tun kafin haɗarin ya iso. Wannan ya sa R-Type ya fi kusa da dara a kan dambe, domin sanin inda za a ajiye ƙafa ya fi saurin hannu amfani a cikinsa.

A nan ne ma'aunin zubi na adabi ya fara gazawa. A ƙagaggen labari, abin da ya faru ya faru sau ɗaya, mai karatu kuma ɗan kallo ne. A R-Type labarin da mai wasa yake rayuwa a cikinsa ya haɗa da faɗuwa sau hamsin a wuri guda kafin a wuce. Waɗannan faɗuwa ba sa cikin labarin da kamfani ya tsara, amma su ne mafi yawan abin da mai wasa zai tuna. Ke nan akwai zubi biyu: na fage, wanda yake miƙaƙƙe, da na mai wasa, wanda yake kewaye. Nazarin da ya tsaya ga na farko kawai ya bar rabin aikin a baya.

5.0 Taurari

5.1 R-9

Babban tauraro ba shi da fuska, ba shi da suna irin na mutane, ba ya magana. Ba a taɓa nuna matuƙin kumbon ba. Halayensa duka a cikin motsinsa suke: a farko yana da nauyin jiki, sai ya tsinci abin ƙarin sauri, kuma yana da rauni ƙwarai. Makaminsa na musamman wata babbar igwa ce, wadda sai an danne maɓallin harbi an riƙe na ɗan lokaci kafin ta cika ta fita da ƙarfi. Amma muddin ana riƙe da maɓallin, ƙananan harsasai ba sa fita. Wato kowane lokaci mai wasa yana cikin zaɓi tsakanin ƙaramin bugu na yanzu da babban bugu na an jima. Idan ana neman halin tauraro, to, ba a rubuta shi ba, mai wasa ne yake zuba nasa a ciki. Mai gaggawa zai tuƙa R-9 mai gaggawa, kuma zai mutu da wuri.

5.2 Force

Tauraro na biyu, wanda ya bambanta wasan da takwarorinsa, shi ne wani dunƙule mai haske ruwan lemo da ake kira Force. Ba ya lalacewa ko kaɗan, yana tare ƙananan harsasai, yana kuma ƙona abin da ya taɓa. Mai wasa yana iya manna shi a goshin kumbo ya zama garkuwa, ko ya manna shi a baya idan hari daga can yake zuwa, ko ya cilla shi gaba ya yi yaƙi shi kaɗai sannan ya kira shi ya dawo. Yana girma mataki uku, kuma yana fitar da hasken leza iri uku gwargwadon launin abin da aka tsinta: mai tafiya gaba, da mai dukan bango ya karkato, da mai bin ƙasa da rufi. Masu ƙirƙirar wasan sun bayyana a wata hira cewa tunanin Force ya samo asali ne daga buzuzu da dunƙulen da yake turawa, wato maimakon a ƙara wa kumbo ƙarfi, sai a ƙara wa abin da yake turawa.

Force yana kare gefe ɗaya ne kawai. Idan yana gaba, baya a buɗe take. Yawancin wuraren da suka fi wuya a wasan an gina su ne a kan wannan hali na gaba kura baya siyaki, inda dole a sauya masa wuri cikin ƙiftawar ido alhali ana tsakiyar wuta. A ma'aunin adabi ana iya kiransa mataimakin tauraro, irin dokin jarumi ko layarsa a labaran gargajiya. Sai dai ya zarce haka, domin tauraron da ya rasa shi kusan ba kome ba ne.

5.3 Bydo

Abokan gaba ba su da shugaba mai jawabi, ba su da tuta, ba su neman sulhu. Siffarsu ce kawai take magana. An lura tun da wuri cewa zanensu, musamman Dobkeratops, ya yi kama da aikin H. R. Giger, mai zane ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya tsara dodon fim ɗin Alien na 1979. Salon Giger shi ne haɗa ƙashi da tsoka da bututun ƙarfe har a kasa gane inda halitta ta ƙare inda na'ura ta fara. Yana da amfani a kwatanta wannan da littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo (1969), inda baƙon da ya zo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, yake ɗaukar yaro Kilba su tafi yawo, ana tambaya ana ba da amsa. A wancan littafi baƙon sama abokin hira ne, sararin samaniya kuma wurin ganin abubuwan al'ajabi. A R-Type baƙon bebe ne, hanya ɗaya ta hulɗa da shi ita ce harbi. Wannan bambanci ya samo asali daga buƙatar kowane aiki: littafi yana rayuwa da zance, akwatin wasa yana rayuwa da arangama.

6.0 Jigo

6.1 Jigon Fili

Jigon da yake a fili shi ne jarumta: mutum ɗaya ya tunkari runduna domin ya ceci jama'arsa. Wannan jigo ne gama-gari a ajin wasannin, kuma R-Type bai ƙara masa wani abu ba ta fuskar kalmomi. Abin da ya ƙara shi ne irin jarumtar da yake yabawa. Wasan yana hukunta mai kutsawa da ka, yana saka wa mai haƙuri da lura. Ana iya cewa ƙaramin jigonsa shi ne fifikon dabara a kan ƙarfi.

6.2 Jigon Ɓoye

Bayanan da kamfanin ya fitar tare da wasannin da suka biyo baya sun buɗe wani babi. A cewarsu, Bydo ba baƙi ba ne na asali. Makami ne mai rai da ƴan'adam na ƙarni na 26 suka ƙera, ya fi ƙarfinsu, suka jefa shi wata duniya domin su rabu da shi, shi kuwa ya ci gaba da girma a can har ya ɓullo wa kakanninsu a ƙarni na 22. Bugu da ƙari, shi kansa Force da wani yanki na tsokar Bydo aka yi shi. Ke nan kaikayi ne ya koma kan masheƙiya, kuma garkuwar da jarumi yake taƙama da ita jinin abokin gabarsa ce, da ɗan gari akan ci gari. R-Type Final ya kai wannan tunani maƙura, domin a ɗaya daga cikin ƙarshen labarinsa kumbon mai wasa ne yake rikiɗa ya zama Bydo, ya dawo gida, ƴan'uwansa su tarye shi da wuta.

Da wannan haske, sassaɓawar ƙarfe da tsoka da aka ambata a 4.2 ta sami ma'ana. Haka kuma karawar ƙarshe a zango na takwas, inda hanyar da aka fi bi ita ce a cilla Force cikin bakin babban dodon, ta zama mayar da abu gidansa. Ba abin mamaki ba ne irin wannan jigo ya fito daga Japan, ƙasar da aka jefa wa bama-baman nukiliya a 1945, wadda kuma fina-finanta, tun daga Godzilla na 1954, suka sha nuna dodon da makaman ɗan'adam suka tayar.

6.3 Hattara ga Mai Nazari

Duk da daɗin wannan fassara, akwai tarko a cikinta. Wanda ya jefa kuɗinsa a akwatin wasa a 1987 bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan bayanai a allo ba. Abin da ya gani shi ne umurnin kai hari ga muguwar daula. Saboda haka bai halatta mai nazari ya ɗauko abin da aka faɗa shekaru bayan haka ya ce shi ne jigon wasan farko kai tsaye ba. Abin da za a iya cewa da hujja shi ne, hotunan wasan farko sun bar ƙofa a buɗe, marubutan baya kuma suka shiga ta cikinta. Wannan darasi ne da ya shafi nazarin adabi baki ɗaya: a bambance abin da matani ya faɗa da abin da aka faɗa a kansa daga baya, ko da mai aikin ne da kansa ya faɗa.

7.0 Salo

Idan aka ce salo a nan, ana nufin zane da sauti da tafiyar lokaci, tun da harshe ya yi ƙaranci. Ta fuskar zane, an ba kowane zango launin da ya rinjaye shi, ta yadda mai wasa zai san inda yake da kallo ɗaya. Harsasan abokan gaba suna da haske da ya fita daban da fage, wanda adalci ne ga mai wasa, domin abin da zai kashe shi a bayyane yake. Ta fuskar sauti, kiɗan Masato Ishizaki yana sauyawa da zango, kuma akwai kiɗa na musamman da ke sanar da isowar dodo, kamar yadda sauyin kiɗa yake sanar da shigowar gwani a dandali.

Babbar dabarar salon ita ce jinkiri. Fagen R-Type yana tafiya a hankali idan aka kwatanta da wasanni da yawa na ajinsa. Wannan jinkiri yana ba mai wasa damar ganin haɗari yana matsowa alhali ba shi da ikon tsayar da shi ko komawa baya. Fargabar da wasan yake haifarwa daga nan take fitowa. Mai ba da tatsuniya da ya ƙware yakan ja lokaci kafin dodo ya bayyana, domin ya san jira ya fi ganin dodon tayar da hankali. Zango na uku misali ne: jirgin yaƙin yana bayyana kaɗan-kaɗan, ba a taɓa ganinsa duka a lokaci guda ba, sai mai wasa ya harhaɗa girmansa a zuciyarsa.

Game da sunaye kuwa, Bydo da Dobkeratops da Gomander ƙagaggu ne, amonsu ake so ya yi aiki. Mai fassara zuwa Hausa zai fi dacewa ya bar su yadda suke, ya mai da hankali ga kalmomin aiki irin waɗanda aka kawo a sashe na 2.0.

8.0 Naƙasu

Naƙasu na farko shi ne tsananin hukunci. A zangunan ƙarshe, musamman na bakwai, wanda ya mutu aka mayar da shi matsaya ba tare da Force ba yakan sami kansa a halin da fita ke da matuƙar wuya, sai rayukansa su ƙare ɗaya bayan ɗaya a wuri guda. Ba za a raba wannan da kasuwanci ba. An yi wasan ne domin akwatin da ke cin kuɗi a kowane gwaji, mai gidan wasa kuma ba ya son wanda zai daɗe a kan tsaba ɗaya. Wato wani kaso na wahalar fasaha ce, wani kason kuma ciniki ne. Fitowar R-Type Dimensions a 2009, wanda ya ƙara tsarin da mai wasa zai ci gaba daga inda ya faɗi ba tare da iyakar rai ba, ta nuna cewa an san da wannan koke.

Na biyu, dogaro da hadda yana rage ƴancin mai wasa. Akwai wuraren da wanda bai taɓa zuwa ba ba shi da hanyar sanin abin da ke tafe daga baya ko daga sama, sai ya mutu tukuna. Wannan koyarwa ce ta bulala. Kuma da zarar an haddace hanyar, sake bin ta yana iya zama maimaita karatu kawai.

Na uku, zangunan ba su yi daidai a inganci ba. Uku na farko sun fi sauran sabon tunani da tsari, kuma su ne mafi yawan masu wasa suka gani, domin kaɗan ne suke kai wa ƙarshe.

Na huɗu ya shafi saƙo. A cikin wasan farko, ba a ba abokin gaba wata fuska ba face muni, an kira shi mugu tun a jimlar farko, aka kuma halatta shafe shi. Tambayar da wasannin baya suka yi, wato wa ya haifi wannan dodo, ba ta cikin abin da aka nuna a allo a 1987.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta gwada ma'aunan nazarin adabi a kan wasan R-Type. An ga cewa ma'aunin zubi da na salo sun yi aiki sosai, muddin aka yarda cewa tsarin fage da launi da sauti suna iya ɗaukar nauyin da kalmomi suke ɗauka a littafi. Ma'aunin taurari ya yi aiki rabi da rabi, domin babban tauraro fanko ne sai mai wasa ya cika shi. Ma'aunin jigo kuwa ya buƙaci taka-tsantsan wajen raba abin da wasan ya nuna da abin da aka ƙara masa daga baya. Abin da ma'aunan suka kasa kamawa shi ne hannun mai wasa, wato yadda faɗuwarsa da sake tashinsa suke zama ɓangaren labarin. Duk da naƙasun da aka lissafa, R-Type aiki ne da aka tsara da lura, kuma dabarar Force kaɗai ta isa ta ba shi matsayin da yake da shi a tarihin ajinsa. Ɗalibin da ke son faɗaɗa wannan nazari yana iya ɗora ma'aunan nan a kan wasannin gargajiya irin su langa da dara, inda su ma mai yi da mai kallo sukan zama mutum ɗaya, ya ga ko gibin da aka samu a nan zai sake bayyana a can.